Ba Don Gizo Ba: Kunta Kinte da Haƙƙin Mai Karatu

Idan kaka ta tara jikokinta a tsakar gida bayan sallar lisha, ba ta fara komai sai ta ce ga ta nan ga ta nan ku, yara su amsa da ta zo mu ji ta. In ta kai ƙarshe kuma sai ta rufe da ƙurunƙus kan kusu, ta ƙara da cewa ba don gizo ba da ta yi ƙarya. Mun saba da jin waɗannan kalmomi har mun daina lura da nauyin da ke cikinsu, alhali kuwa yarjejeniya ce ake ƙullawa tsakanin mai magana da masu saurare. Tsohuwar tana sanar da yara cewa duk abin da zai fito daga bakinta tsakanin buɗewa da rufewa, kada wani ya tashi gobe ya nemi ta kawo shaida. Wannan tsohuwa kuwa, in ta koma ba da labarin yunwar da aka yi a zamanin ƙuruciyarta, ko yadda kakanta ya baro garinsu, ba za ta fara da ga ta nan ba, kuma ranta zai ɓaci in aka ce gizo take yi. Ashe tun kafin mu san wani abu wai shi nazarin adabi, an riga an raba mana tatsuniya da tarihi, an kuma nuna mana cewa mai magana ne ke da alhakin faɗin wanne ya ɗauko.

Abin da ya jawo wannan tunani shi ne muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakanin masu karatun ƙagaggun labarai, musamman waɗanda suka yi farin jini kuma suka jingina da tarihi. Da zarar wani ya ce abu kaza da ke cikin littafi kaza bai faru ba, sai wani ya tare shi da cewa ai ƙagaggen labari ne, me ya sa za a auna shi da mudun tarihi? Kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai fahimci adabi ba. Mu dai muna ganin ba a warware irin wannan gardama a sama-sama, sai an ɗauki misali guda an tsaya a kansa. Misalin da muka zaɓa shi ne littafin Roots na Alex Haley, baƙar fatar Amurka wanda ya rayu daga 1921 zuwa 1992. Ma'anar sunan littafin ita ce saiwoyi, wato tushe ko asali.

Littafin ya fito a 1976. A watan Janairu na 1977 gidan talabijin na ABC ya nuna wasan kwaikwayon da aka shirya daga gare shi dare takwas a jere, aka kuma ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 100 ne suka kalli kashin ƙarshe. A wannan shekara aka ba Haley lambar yabo ta musamman ta Pulitzer. Labarin ya fara da haihuwar Kunta Kinte a 1750 a ƙauyen Jufure da ke bakin kogin Gambiya, yaro Musulmi ɗan ƙabilar Mandinka. Yana ɗan shekara 17 ya shiga daji saran icen da zai yi ganga, aka kama shi, aka sa shi a jirgin ruwa mai suna Lord Ligonier, aka sauke shi a Annapolis ta jihar Maryland a 1767. Wani mai gona a Virginia daga gidan Waller ya saye shi, ya laƙaba masa suna Toby. Ya yi ta gudu ana kamo shi har aka datse masa rabin ƙafa. Ya haifi 'ya mai suna Kizzy, ya koya mata sunansa na gaskiya da wasu 'yan kalmomi na harshensu, ita kuma ta koya wa ɗanta, haka abin ya yi ta gangarowa har zuriya ta bakwai, wato Haley kansa, wanda ya ji labarin daga bakin kakarsa Cynthia a garin Henning na jihar Tennessee.

Da a nan littafin ya tsaya, da babu abin muhawara. Amma a babobin ƙarshe sai marubucin ya ajiye rigar mai ƙaga labari ya fito da kansa. Ya bayyana yadda ya shafe shekara 12 yana bincike, yadda masana suka gano masa cewa kalmomin da kakarsa ta riƙe na Mandinka ne, yadda ya je Jufure a 1967 ya zauna gaban wani dattijo mai suna Kebba Kanji Fofana, wanda aka gabatar masa a matsayin jali, wato ma'ajin tarihin zuriya a al'adar Mandinka. Dattijon ya yi ta jero sunayen gidan Kinte har ya iso kan wani Kunta da ya fita saran ice ba a sake ganinsa ba. Haley ya amince cewa hirarraki da yawancin abubuwan da suka faru a cikin littafin shi ya ƙaga su, har ya ƙirƙiro wa aikin nasa wani suna da ya gwama gaskiya da ƙage. Sai dai game da salsalar zuriyar, ya ce iyakar saninsa da ƙoƙarinsa kowace gaɓa ta fito ne daga tarihin baka da aka adana, kuma takardu sun tabbatar masa da yawancinta. Masu buga littafin ma a rukunin labaran gaskiya suka ajiye shi. Wato ke nan ya buɗe bakinsa ba tare da ya ce ga ta nan ba.

Ba a jima ba masu bin diddigi suka bi sawunsa. A 1977 wani ɗan jarida, Mark Ottaway na jaridar Sunday Times ta Landan, ya je Gambiya ya dawo da rahoton cewa Fofana ba jali ba ne na gado, kuma tun kafin baƙon ya iso an riga an san abin da ya zo nema. A 1981 masanin tarihi Donald Wright ya buga nazari a mujallar History in Africa, ya nuna cewa a lokutan da Fofana ya sake ba da labarin, sunaye da dangantaka sun sauya. Haley ya riga ya ba jami'ai da dattawa da dama labarin kakarsa, labarin ya zagaya, ya dawo masa ta bakin wani, shi kuma ya karɓe shi a matsayin shaida ta biyu. A wannan shekara ta 1981 kuma Gary Mills da Elizabeth Shown Mills, masana salsalar iyalai, suka duba takardun Virginia, suka tarar da bawa mai suna Toby cikin dukiyar gidan Waller tun 1762, shekara 5 kafin Lord Ligonier ya iso, kuma alamu sun nuna ya rasu kafin lokacin da littafin ya ce an haifi Kizzy. Jirgin dai gaskiya ne, ya kuma iso Annapolis a watan Satumba na 1767, har jaridar Maryland Gazette ta yi tallar bayin da ya kawo. Amma babu takardar da ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu. Akwai kuma wata matsala ta daban wadda ba ita ce jigonmu ba: a 1978 Haley ya sasanta da Harold Courlander, marubucin The African na 1967, bayan ya amsa cewa wasu sassa na wancan littafi sun shigo cikin nasa, aka kuma ruwaito cewa ya biya dala 650,000.

To, wannan shi ne ƙarar da aka shigar. Yanzu sai mu saurari masu kare shi, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce, kuma duk wanda ya yi saurin watsar da ita bai san zafin abin da ake magana a kai ba.

Suna cewa: wa ya hana Haley samun takardu? Mutanen da suka sayi kakanninsa su ne suka ƙi rubuta sunayensu. A ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860 ana rubuta bayi ne a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, a sa shekaru da jinsi da launin fata, ba a sa suna. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta, yawancin baƙaƙen Amurka suka fara bayyana da sunayensu. Cikin mutum kusan miliyan 12.5 da aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka, kimanin miliyan 10.7 ne suka isa da rai, kuma kusan dukkansu sun tsallaka ne a matsayin adadi. Saboda haka wanda ya ce wa jikan bawa ya kawo takarda kafin a yarda da asalinsa, kamar wanda ya ce wa mutumin da aka yi wa fashi ya kawo rasiɗi daga hannun ɗan fashin ne. Suka ƙara da cewa ko da babu Kunta Kinte guda, an yi dubban Kunta Kinte: an kama samari Musulmi a Senegambiya, an ɗaure su da sarƙa a cikin jirgi, an sauya musu suna, an sayar da 'ya'yansu a gaban idonsu. Wane ɓangare ne na wannan ƙarya? Littafin ya sa miliyoyin mutane, farare da baƙaƙe, sun kalli bauta ta fuskar wanda aka bautar, abin da tarin littattafan masana bai yi ba. Masu iya magana kan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ga shi wannan ta yi 'ya'ya, har mutane da yawa suka ci suka rayu.

Mun yarda da mafi yawan wannan. Mun ma fi yarda da shi idan muka tuna cewa a 1981, da aka kafa allon tunawa da Kunta Kinte a bakin ruwan Annapolis, cikin kwana biyu aka sace shi, ɓarayin suka bar kati mai ɗauke da sunan ƙungiyar Ku Klux Klan. Waɗannan ba bambancin 1762 da 1767 ne ya dame su ba. Dole mai sukar littafin ya san cewa akwai masu jiran sukarsa don wata manufa tasu, ya kuma kula da bakinsa.

Sai dai hujjar masu karewa tana amsa wata tambaya ce da ba ita aka yi ba. Babu wanda ya hana Haley ƙaga Kunta Kinte. Mu kanmu muna da Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, wanda ya ɗauko yaƙe-yaƙen zuwan Turawa na gaske ya gwama su da aljanu, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya tuhumi marubucin da ƙarya ba, domin aljanun da kansu suna gaya wa mai karatu irin ƙasar da ya shiga. Muna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya nuna harin bayi da fataucinsu ta Sahara da rabuwar uwa da ɗa, ya kuma taɓa zukata ba tare da marubucin ya ce ga takardun da suka tabbatar da wannan mutum ba. Abin tambaya shi ne: da Haley ya ce na gano ƙauyen, na gano mutumin, na gano jirgin, me ya karɓa daga mai karatu a madadin wannan magana? Ya karɓi wani irin imani da ba a ba mai tatsuniya. Hawayen da mutane suka zubar a babin Jufure sun zubar da su ne bisa cewa abin ya faru, cewa a karon farko wani jikan bawa ya bi igiyar har ya kai ga turken. Wanda ya karɓi kuɗin zinariya ba shi da bakin cewa ai tagulla ma ado ce idan mai saye ya kai ta wurin maƙeri.

Dabarar da ake yi a nan ta zama ruwan dare a littattafan kasuwa, kuma ya kamata mu kira ta da sunanta. Lokacin talla, littafi tarihi ne. Lokacin tuhuma, ƙagagge ne. Marubuci ya ci ribar gaskiya, sannan ya fake da gizo. Mun sake ganin haka a 2003 da littafin The Da Vinci Code na Dan Brown, wanda ya buɗe da shafi guda da ya ce gaskiya ne zalla, a ciki har da wata ƙungiyar asiri da aka ce an kafa a 1099, alhali wani Bafaranshe mai suna Pierre Plantard ne ya yi mata rajista a 1956. Ba mu haɗa nauyin littattafan biyu ba, ko kusa. Ɗaya abin nishaɗi ne, ɗaya kukan al'umma ne. Amma ƙofar da suka bi ɗaya ce.

Wani zai ce, to wa aka cuta? Muna ganin an cuci mutum uku, kuma ba a cika ambaton biyu daga cikinsu ba.

Na farko shi ne mai karatu, mun riga mun yi maganarsa. Na biyu shi ne jali, da duk wani ma'ajin tarihin baka a nahiyarmu. Tun daga shekarun 1960 masana irin su Jan Vansina suke fafutukar nuna wa duniya cewa abin da aka adana a ka shaida ce da za a iya gina tarihi a kanta, muddin an tace ta: a san wa ya faɗa, daga wa ya ji, a gaban wa ya faɗa, me yake fata ya samu. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an duba isnadinta da halin masu ruwaito ta. Ibn Khaldun ma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin labari, ciki har da son abin da ya dace da ra'ayin mai ji, da yawan amincewa da mai kawo labari, da neman yardar manya. Duk ukun sun haɗu a zaman Jufure. Ga baƙo daga Amurka, da rakiyar jami'ai da masu fassara da makaɗa, yana ɗauke da suna guda da yake marmarin ji. Mu da muka san yadda maroƙi kan tsinci sunan kakan baƙo a bakin ƙofa, kafin a zauna ya riga ya haɗa shi da sarakuna, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Ba ma zargin dattijon da mugunta. Karamci ne irin namu, ba a barin baƙo ya koma hannu rabbana. Amma da asiri ya tonu, waɗanda dama suke raina tarihin baka sai suka samu abin nuni, aka shafa wa jalin gaskiya kashin kajin da ba shi ya jawo ba.

Na uku su ne matattu, kuma a nan ne abin ya fi mana ciwo. Littafin ya zana Jufure a matsayin ƙauyen da ke jin labarin Turawa daga nesa kamar labarin dodanni. Jufure ta tarihi kuwa tana kallon tsibirin James, inda Ingilishi suke da sansani tun ƙarni na 17, tana kuma maƙwabtaka da Albreda, inda Faransawa suke da wurin ciniki. Gari ne da ya daɗe cikin harkar fatauci, har da na bayi. Haley ya amsa cewa ya ƙawata garin ne da saninsa, don mutanensa suna bukatar wani mafari mai tsabta da za su riƙa tunawa. Muna jin tausayin wannan bukata. Amma a duba abin da ta rufe. Akwai wani mutum na gaske da ya bi kusan wannan hanya, Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatani ɗan malamai daga Bundu. Wajen 1730 ya gangaro kogin Gambiya don ya sayar da bayi biyu ga wani jirgin Ingilishi. A hanyar komawa wasu Mandinka suka kama shi, suka sayar da shi ga wannan jirgi da ya yi ciniki da shi. Aka sauke shi a Annapolis, aka sa shi aikin taba a Maryland. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta zama sanadin 'yancinsa. Ya isa Ingila a 1733, ya koma gida a 1734, a shekarar da Thomas Bluett ya buga labarinsa. Wannan labari yana da takardu, yana da hoton mai shi da aka zana a Ingila, amma bai yi farin jinin na Kunta ba, kuma ba wuya a gane dalili. A cikinsa mai sayarwa da wanda aka sayar mutum ɗaya ne, masu kamun kuma maƙwabta ne. Ba ya rage wa Turawan da suka kawo jiragen da kuɗin laifinsu ko ƙwayar zarra, sai dai yana hana mu, mu 'yan wannan nahiya, zama 'yan kallo. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar ya san wannan ɗaci ba a Gambiya kaɗai yake ba. Bayin nan biyu da Ayuba ya kawo kasuwa, su ma suna da uwaye, su ma an ba su suna ranar bakwai, kuma Jufuren da ke cikin Roots ba ta da wurin da za ta ajiye su.

Ba mu ce Haley ya zauna ya shirya yaudara tun daga farko ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne mutum ne da ya so abu ƙwarai har ya daina jin masu yi masa gargaɗi. An ruwaito cewa Bakari Sidibe, jami'in adana tarihi na Gambiya, ya rubuta masa shakkunsa game da Fofana tun kafin littafin ya fito. Wannan hali kuwa ba mu da bakin yi masa dariya. Mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka binciki labarin asalin gidanmu, wanda kullum yake farawa daga Gabas, ko daga wani basarake ko waliyyi, bai taɓa farawa daga bawa ko talaka ba? Bambancin kawai shi ne namu bai wuce zaure ba, nasa kuwa an fassara shi cikin harsuna da dama.

Ga masu sha'awar rubutu a cikinmu, abin da ya rage aiki ne na hannu. Wanda zai rubuta labari a kan Sarauniya Amina, ko yaƙin Burmi na 1903, yana da 'yancin sa musu magana a baki, ya ƙaga musu abokai da maƙiya, ya cike giɓin da tarihi ya bari. Layi biyu a farkon littafi ko a ƙarshensa sun isa ya ce wannan na samu, wannan na ƙaga, wannan kuma na sauya da gangan. Da Haley ya rubuta cewa ya je Jufure ya ji wani suna da ya yi kama da wanda kakarsa ta riƙe, bai tabbatar ba amma zuciyarsa ta kama shi, da Ottaway da Wright da su Mills ba su samu abin rushewa ba, kuma muna kyautata zaton da mutane sun yi kukan da suka yi.

A 2003 hukumar UNESCO ta sa tsibirin James da wuraren da ke kewaye da shi cikin kayan tarihin duniya, a 2011 kuma gwamnatin Gambiya ta sauya masa suna zuwa tsibirin Kunta Kinte. Baƙi daga Amurka suna zuwa, a ɗauke su a kwalekwale daga Albreda, a nuna musu kangon sansanin da ruwa yake ci a hankali. An tsare mutane na gaske a cikin waɗannan ɗakuna kafin a loda su, kuma sunan da ke kan tsibirin yanzu shi ne na wanda har yau ba a samu takardar da ta nuna ya taka shi ba.